Kumbo mai tsawon santimita 120: gini, mazubi da zubi

Tambaya: Na daɗe ina harhaɗa ƙananan jiragen roba da ake sayarwa a kwali, na kuma taɓa zuba 'yan ƙananan sassa da rezin, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri, suka fito lafiya. Yanzu na zana kumbo na kaina, irin na fina-finan almarar kimiyya: faffaɗan faifai a gaba, gangar jiki a ƙasa, injuna 2 a kan dogayen hannuwa a baya. Tsawonsa santimita 120, faɗin faifan 60. Ina so in gina shi, in yi masa mazubin silikon, in fitar da saiti kamar 20 ga masu son haɗawa da kansu. Wane silikon da wane rezin zan saya?

Amsa: Malam, zan gaya maka silikon da rezin ɗin, amma ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Wanda ya saba zuba ƙananan abubuwa yakan ɗauka babban samfuri ƙarin kayan haɗi kawai yake buƙata, alhali idan ka ninka tsawon abu sau 2, faɗin fuskarsa ya ninku sau 4, cikinsa da nauyinsa kuma sau 8. Ɗauki faifan nan naka mu yi lissafi. Faɗinsa santimita 60, mu ce kaurinsa a tsakaice santimita 5. In ka zuba shi cike, zai sha rezin kimanin lita 14, nauyi wajen kilo 15 ke nan, ba a zo ga gangar jiki da injuna ba. Kuma ba zai fito da kyau ba, domin rezin zafi yake yi sa'ad da yake daskarewa, iya yawansa iya zafinsa: tsakiya ta tsuke, fuska ta lotsa, silikon ɗin ya ƙone tun a zubin farko-farko. Wannan faifan dai, in ka yi shi fanko da bango mai kaurin milimita 3, da ƙyar zai kai kilo 2. Saboda haka a wannan girman aikinka shi ne yin siririyar fata da za ta zauna a kan ƙashi mai ƙarfi, kuma ƙashin ake fara zanawa.

Siffar da ka zaɓa tana cikin mafiya wuyar tsayuwa. An ƙirƙiri irin waɗannan jirage ne don sararin da nauyi ba ya damun kowa, kai kuwa a kan tebur za ka ajiye naka. Inji mai gram 500 a ƙarshen hannu mai santimita 25 yana murɗa gindin hannun dare da rana. Rezin na foliyuretan ba ya karyewa nan take, sunkuyawa yake yi a hankali. Yawancin irin da ake zuba samfura da shi yakan fara laushi tun zafi na wajen digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, kuma ko bai kai nan ba, nauyi mai ɗorewa yana lanƙwasa shi. Bayan shekara sai mai saye ya aiko maka hoto, injin dama na kallon ƙasa, na hagu na kallon bango. Ba ƙananan masu sana'a kaɗai abin ke kamawa ba. Samfurin Enterprise na shirin Star Trek, mai tsawon ƙafa 11, wanda aka ƙera a 1964, yana gidan tarihin jirage da sararin samaniya na Smithsonian a Washington tun 1974. A gyaran da aka kammala masa a 2016, sai da aka ƙarfafa gangar jikinsa da ƙarfe daga ciki, saboda nauyin injunan ya fara fin ƙarfin tsohon katakon da gam ɗin da ke riƙe da shi.

Ga yadda nake so ka yi naka. Bututun alminiyam mai kusurwa 4 ya ratsa gangar jiki daga gaba zuwa baya. Mai kusurwa nake cewa don zagayayyen bututu yana barin abin da aka ɗora masa ya juya. Wuyan da ke ɗauke da faifai ya sami falle na ƙarfe a ciki, a ɗaure shi da babban bututun da sukuru da noti, gam ba ya wannan aikin. Hannuwan injuna kuwa, in da hali, su zama ƙarfe guda da aka lanƙwasa kamar harafin V ya ratsa cikin jiki, yadda kowane inji zai riƙe ɗan'uwansa. Za ka iya zuba rezin a kan ƙarfen hannun a cikin mazubi, amma ka goge masa maiƙo, ka huhhuda shi don rezin ya sami abin kamawa, ka kuma tabbata ya zauna tsakiya daidai. In ya karkata gefe guda, rezin zai tsuke, ƙarfe ya ƙi, hannun ya fito a bauɗe. Ramin sandar da jirgin zai tsaya a kai ka bar shi sai ka ɗora komai ka gano inda nauyi ya daidaita, kuma sandar ta zama bututu don wayar fitilu ta bi ta ciki.

Bayan ƙashi sai a yayyanka jirgin a takarda, tun ran gini tun ran zane. Kowane sashe ka duba ta inda zai fito daga mazubi ba tare da ya maƙale ba, da inda layin haɗinsa zai faɗa. Layin haɗi ka ɓoye shi a inda jirgin da ma yake da tsaga ko kusurwa. In ya ratsa tsakiyar wuri mai ado, mai saye zai goge adon garin goge layin, kuma kai zai ɗora wa laifi. Sannan ka auna tukunyar matsinka, wato wadda ake rufe mazubi a ciki a ɗura mata iska don matse kumfan rezin. Wadda aka fi amfani da ita tukunyar fesa fenti ce mai cin lita 10 da aka sauya wa aiki, faɗin cikinta bai kai santimita 25 ba. Duk abin da ya shige ta, a zuba shi da rezin a ƙarƙashin matsi. Abin da ya fi ƙarfinta amma dogo ne zagayayye, kamar injuna, a yi masa zubin juyi, wato a riƙa juya mazubin har rezin ya kama bangonsa. Manyan fatu, wato saman faifai da ƙasansa da ɓangarorin gangar jiki biyu, aikin faiba ne da efoksi, wato ƙyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da wani irin rezin ya yi tauri. Abin da ya maimaitu a jikin jirgin sau ɗaya za ka gina shi, mazubi ya hayayyafa maka sauran. Sai dai hannun dama da na hagu madubin juna ne, kowane da samfurinsa.

Samfurin asali, wanda za ka yi mazubi a kansa, ba sai ya yi kyan gani daga ciki ba, amma fuskarsa dole ta zama yadda kake so ta fito sau 20, domin silikon ba ya rufa asiri. Zanen yatsanka a kan fenti, karcen samfefa, ɗigon gam, duk zai kwafe su ya raba wa kowane mai saye. Faifan ka gina shi da katakon MDF ko tauraren soson foliyuretan, ka shafe shi da fila irin ta masu gyaran jikin mota. Sai ka yanka siffar gefensa a falle mai kauri, ka kafa fallen a kan ƙusa a tsakiyar faifan, ka riƙa zagayawa da shi yana kankare filar tun tana da laushi. Da ido da hannu kaɗai ba a samun da'ira mai kyau a wannan faɗin. A kan wannan za ka shimfiɗa fallayen robar sitairin masu kaurin milimita 0.25 zuwa 0.5, ka tsaga layukan jiki da tsinin ƙarfe. Ka fesa firaima, wato fentin share fage, ruwan toka, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe kusan a kwance. Duk lotsawar da rana ta ɓoye maka za ta fito da inuwarta. Ka cike, ka goge, ka sake fesawa, har ka kai samfefa mai lamba 600 ko 800. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarƙashin 'yan sassan da aka manna. In akwai rata ko da kaurin takarda ce, silikon zai kutsa ciki ya daskare, ran buɗewa ko dai ya yage, ko ya ciro sashen ya tafi da shi. Ka bi kowane da gam ko firaima mai kauri ka toshe. Inda sashe ke shiga cikin sashe kuma ka bar masa sarari na milimita 0.2 zuwa 0.3, ka harhaɗa samfurin duka a kan ƙashinsa ka gani da idonka kafin ko cokali ɗaya na silikon ya taɓa shi.

Batun ado, ga ra'ayina. Ma'aikatan Industrial Light & Magic, kamfanin da George Lucas ya kafa a 1975, sun shahara da ɗebo 'yan sassa daga saitin tankokin yaƙi da motoci da jiragen ruwa na roba suna mannawa a jikin kumbo don ido ya ga kamar injiniyoyi ne suka yi shi. Masu koyi da su sukan wuce gona da iri, su lulluɓe jirgi kaf da tarkace har ido ya rasa wurin hutawa. Abin da ke sa jirgi ya yi girma a ido shi ne faffaɗan wuri mai santsi kusa da wuri mai cunkoson ado, da ƙananan tagogi da ke nuna tsawon mutum. Ka tara adon a ramuka da mahaɗai da bayan injuna, ka bar faifan ya sha iska. Kuma tunda sayarwa za ka yi, kada ka manna sassan wani kamfani ka kwafe su cikin saitinka. Abin da ya halatta a samfuri guda na kanka daban ne da abin da za ka buga 20 ka karɓi kuɗi.

To, ga silikon ɗin. Iri biyu ne, gwargwadon sinadarin da ke daskarar da su: mai kuza da mai filatinam. Mai kuza ya fi araha, ba shi da tsirfa, kusan a kan komai yana daskarewa. Aibinsa yana ɗan tsukewa, yana kuma ci gaba da bushewa a ajiye har bayan 'yan shekaru ya riƙa yagewa. Ko da tsukewar rabin kashi 1 cikin 100 ce, a ƙaramin sashe ba ta komai, amma a faɗin santimita 60 milimita 3 ce, ta kuwa isa ta hana saman faifai zama a kan ƙasansa. Mai filatinam kusan ba ya tsukewa, yana kuma daɗewa, sai dai akwai abubuwan da in ya taɓa su ba zai daskare ba har abada: farar wuta da ke cikin wasu yumɓun mai, safar hannu ta lateks, ragowar silikon mai kuza, fentin da bai gama bushewa ba, da rezin ɗin firintar 3D mai daskarewa da haske. Sai ka buɗe washegari ka tarar waje ya yi tauri, fuskar da ta taɓa samfurin kuwa yauƙi ce zalla, ga wankinta daga cikin tsagogi aikin kwanaki. Maganinsa gwaji: ka haɗa ɗan kaɗan ka ɗiga a ɓoyayyen wuri na kowane irin abu da ke jikin samfurin, ka bar shi ya kwana. Manyan sassa ka yi musu mai filatinam, ƙanana mai kuza ya wadatar, amma kowane da kofinsa da abin motsinsa. Tauri kuwa, a ma'aunin taurin roba da ake kira Shore, ka nemi 25A zuwa 30A.

Babban sashe ba a nutsa shi a akwati a cika da silikon. Akwatin da zai ɗauki faifanka, 70 da 70 da 10, zai ci silikon lita 35 bayan an cire gurbin faifan, kuma duk da haka zai riƙa lanƙwasa in an ɗaga shi. Abin da ake yi shi ne siririyar fatar silikon mai kaurin santimita 1 da ɓawon faiba mai tauri a bayanta, fuskokin biyu lita 7 zuwa 8 sun ishe su. Ana iya shafa silikon ɗin da buroshi hawa-hawa, amma na fi son hanyar da ake fara yin ɓawon. Ka ɗaure samfurin a kan shimfiɗaɗɗen allo da sukuru daga ƙasa, ka rufe shi da siririyar leda. Ka murza yumɓun mai marar farar wuta ya zama fallaye masu kaurin santimita 1, ka lulluɓe samfurin da su. A kan yumɓun ka ɗora 'yan tsaunuka da zobe a gefe, su ne za su zama haƙoran da ke riƙe silikon a cikin ɓawo, sannan dunƙule guda a wuri mafi tsawo, shi ne bakin zubi. Ka shimfiɗa faiba a kan wannan duka har ta sauko kan allon ta yi leɓe, in ta bushe ka huda leɓen da allon tare don noti. Ka ɗaga ɓawon, ka kwashe yumɓun kaf, kada ka motsa samfurin ko kaɗan. Yumɓun nan kada ka watsar: ka danna shi a bokiti mai awo, yawansa shi ne yawan silikon da za ka haɗa. Ka huda ƙananan ramuka a duk wani tudu na ɓawon, ka mayar da shi, ka ɗaure, ka toshe gefe da gam mai zafi, ka kafa doguwar mazurari ka fara zubawa. Daga nan sai haƙuri. Silikon zai riƙa hawa a ɓoye, kana jin iska na fita ta ramukan, can sai ka ga ɗigo ya leƙo a rami mafi ƙasa, ka danna masa yumɓu, ka jira na gaba. In na ƙarshe ya leƙo, ka san babu iskar da ta rage a ciki.

Ƙananan mazubai masu ɓari biyu ka riga ka san su, abu kaɗan zan tuna maka. Silikon kusan ba ya manne wa komai sai ɗan'uwansa, don haka in ka manta shafa basilin tsakanin ɓarin farko da na biyu, ka binne samfurinka, sai da wuƙa. Ka karkata sashen yadda babu faffaɗar fuska a kwance ta sama, rezin ya shiga ta ƙasa, kowane tsini da ke sama ya sami siririyar mafitar iska. Silikon ɗin kuma a cire masa iska kafin zubi. Ka sa shi a kofin da ya ninka yawansa sau 4, ka rufe a tukunyar zuƙe iska, allurar agogon da ke auna zuƙar ta kai wajen inci 29. Zai kumburo ya cika da manyan kumfa kamar zai zube, ya tsaya yana rawa, sai kwatsam ya rufta ya koma ƙasa. Ka ƙara masa minti 2 ka saki iskar. Wannan matakin ba na ƙawa ba ne, domin in ka zuba rezin a ƙarƙashin matsi cikin mazubin da ke da kumfa a ƙarƙashin fatarsa, matsin zai murƙushe kumfan, sashenka ya fito da ƙuraje ko'ina.

Rezin na foliyuretan ruwa biyu ne, A da B, yawanci daidai wa daida. Babban maƙiyinsa danshi. Sinadarin aisosayanet da ke cikinsa in ya haɗu da ruwa yakan fitar da iskar kabon dayoksaid, zubi ya fito kamar soso. Sandar katako da kofin takarda suna riƙe danshi, ka yi amfani da na roba ko ƙarfe, ka kuma rufe kwalba da zarar ka tsiyaya. Akwai mai ba ka minti 3 kafin ya kama, akwai mai 7, akwai mai wajen 20. Mai minti 3 yana da daɗi ga ɗan sashe ɗaya, amma ka lissafa: awo, motsi, zubi a mazubai 5, rufe murfin tukunya, ɗaure sukurorinta, buɗe iska. Mai 7 shi ne naka. Kafin zubi ka barbaɗa hoda a cikin mazubi ka busa ta fita, 'yar ƙurar da ta rage tana jawo rezin cikin lunguna. Siraran sassa ba sa yin zafin da zai gama daskarar da su, ka ɗumama musu mazubi tukuna. Matsi ka kai shi psi 50 zuwa 60 a agogon tukunyar in tukunyarka an yi ta don haka, ka bar shi har sai rezin ya daskare sarai. Matsin ba fitar da kumfa yake yi ba, matse su yake har ido ya daina ganinsu, in ka saki da wuri su dawo. Ragowar da ke kofi za ta nuna maka abin da ke faruwa a cikin tukunya: ruwan garau ne, sai fari ya ɓullo a tsakiya kamar hayaƙi ya bazu zuwa gefe cikin daƙiƙu, kofin ya yi zafi a hannu. Amma na kofi ya fi kauri, yana riga na mazubi, don haka ka ƙara lokaci. Dogon sashe in ya fito ka kwantar da shi a kan gilashi ya kwana. Wanda ya bauɗe, ruwan zafi yana tausasa shi a miƙe shi.

Manyan fatu kuwa da efoksi za ka yi su. Foliyesta, ɗayan rezin ɗin da ake aikin faiba da shi, ta fi araha, amma tana tsukewa sosai, tana iya jan faifai ya murɗe, ga wari. Hawa na farko efoksi ne da aka kaurara, a shafa da buroshi a tura shi cikin kowace tsaga, shi ne fuskar jirgin. Ka jira ya yi danƙo, yadda yatsa cikin safa zai bar alama amma ba zai ɗauko komai ba. Kusurwoyi masu kaifi ka cike su da ƙullun efoksi tukuna, domin ƙyallen faiba ba ya shiga kusurwa, tsallake ta yake ya bar rami a ƙarƙashin fuska, ranar da mai saye ya danna wurin ya fashe. Sai siririn ƙyalle hawa 1, sannan mai nauyin gram 200 a murabba'in mita hawa 2 ko 3, kowane a karkata zarensa daga na ƙasansa. Ka zuba baƙin launi a efoksin, in ba haka ba ranar da aka kunna fitilun ciki jirgin duka zai yi haske har ana ganin saƙar ƙyallen. Ka manna haƙarƙari 2 ko 3 da leɓen haɗi tun fatar tana cikin mazubi, ka bar ta aƙalla awa 24. Wanda ya yi gaggawar cirewa zai sami faifai mai rawa a kan tebur.

Zubin juyi ba shi da wuyar fahimta, hannu ne ke gajiya. Ka zuba rezin kaɗan a mazubin injin, ka toshe, ka riƙa juya shi ta kowace fuska ba tsayawa har ya kama, ka maimaita sau 2 ko 3 har bango ya kai milimita 3. Akwai rezin da aka yi don wannan, mai kauri a hankali maimakon kamawa farat ɗaya, irin Smooth-Cast 65D. Sassa masu garau na fitilu kuma samfurinsu sai an goge shi ya yi ƙyalli, mazubinsu na filatinam, zubinsu a ƙarƙashin matsi.

Lissafin da ke karya masu fara wannan sana'a shi ne na rayuwar mazubi. Kowane zubi yana shanye ɗan man da ke cikin silikon, zafi kuma yana gasa shi. Mazubi mai ado da yawa yakan ba da zubi 20 zuwa 30 masu kyau, daga nan fuskarsa ta yi fari ta bushe, ya fara riƙe sashe, wata rana ka ga ɗan guntun silikon maƙale a tsagar zubi, daga ranar kuma duk zubin da ya biyo baya da wannan tabon zai fito. Saiti 20 da na gwaji da waɗanda za su lalace sun kai ka bakin iyaka ko da a sashen da ke fitowa sau ɗaya a jirgi. Wanda ke fitowa sau 8 kuwa zubi 160 ne, mazubi ɗaya ba zai kai ko'ina ba. Ka ɗauki zubin farko mafiya kyau guda 8, ka gyara su, ka yi musu mazubi guda mai gurbi 8. Kada ka wuce wannan hawan, kwafin kwafi yana ƙanƙancewa, adonsa yana dushewa. Ka fesa maganin hana mannewa, ka bar mazubi ya huce tsakanin zubi da zubi, samfurin asali kuma ka adana shi da kyau, za ka koma gare shi. A takardar bayani ka rubuta wa masu saye su wanke sassa da sabulu kafin fenti, kuma gam ɗin robar sitairin da suka saba da shi ba ya kama rezin, sai sufa gulu ko efoksi.

Lafiyarka ba abin wasa ba ce a nan. Aisosayanet da efoksi suna sa jiki ya tsane su a hankali, wanda kuwa abin ya kama, ko ɗan kaɗan ya taɓa ko ya shaƙa sai fata ta tashi ko ƙirji ya toshe, kuma ba a cika warkewa ba. Safar hannu ta naitiril, tabarau, takunkumi mai matatar tururin sinadarai, da wuri mai iska. Gugar rezin da faiba ka yi ta da ruwa don ƙura. Tukunyar matsi kada ka cire mata bawul ɗin kariya, kada kuma ka kwance murfi agogo bai koma sifili ba. Ta fuskar doka ka yi dabara da ka zana naka, sai dai faifai da injuna 2 a kan hannuwa siffar Enterprise na Star Trek ce da kowa ya san mai ita, ka tabbata naka ya bambanta sosai. Ko a bikin Wonder Festival na Japan, inda masu irin wannan sana'a ke baje kolinsu, sai an nemi lasisin yini guda daga masu haƙƙin mallaka kafin a sayar da siffar wani.

Sayayyar farko ka taƙaita ta: silikon mai filatinam kilo 2, rezin mai minti 7 kilo 2, yumɓu marar farar wuta, sikeli mai auna gram, da ƙarfen hannu guda. Da su za ka gina inji ɗaya da hannunsa a cikakken girma, ka yi musu mazubi, ka zuba, ka sa fitilu da wayoyi don nauyin ya zama na gaskiya. Ka ɗaure gindin hannun a allo daidai kusurwar da zai zauna a jirgi, ka jingina allon kusa da bango a wuri mai ɗumi, ka ja layi da fensir daidai hancin injin da wutsiyarsa. Bayan wata guda ka ɗora rula. In ya sauka fiye da milimita 1, ka ƙara kaurin ƙarfen ko ka rage bangon injin, ka sake ratayewa, sannan ka yi odar silikon ɗin faifai.